Gwaggo Dela Ba Ta Cikin Takarda

Ni na kawo takardar da ta kashe Gwaggo Dela. Gara in faɗa tun da fari, kada wani ya karanta ya ɗauka ni ne mutumin kirkin labarin nan. Da ƙafata na hau jirgin ƙasa na je Yawunde na nemo ta, na dawo Garwa ina ta washe baki.

A shekarar 2009 ne Sarkin Zangon unguwarmu ya rasu bai bar magaji ba. Fada ta ce duk gidan da ke ganin yana da gadon rawanin ya kawo asalinsa a rubuce. Baffana Alhaji Muntaka, yayan marigayi mahaifina, mai shagunan atamfa a babbar kasuwa, ya tashi haiƙan. Hujjarsa, kakansa Madugu Sulaimanu ne ya fara sauke jakai a wurin nan tun zamanin Jamus, da goro da kanwa daga Kano. Abokin takararsa wani dillalin shanu ne, Alhaji Tanimu, mutum mai baki da maroƙa. Ni kuwa da yake malamin tarihi ne a lise, wato makarantar sakandare, sai Baffa ya ce, "Hayatu, yau bokonka zai yi rana. Ka haɗa mana dosiye, takardun asalinmu gaba ɗaya."

Wurin Gwaggo Dela na fara zuwa, don babu wanda ya san gidanmu kamarta. Ƙanwar kakana Dawuda ce, ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan Madugu, shekarunta tamanin da uku. Ba ta da ɗa a raye. Kowa a gidan, babba da yaro, Gwaggo yake ce mata. Ɗakinta na kan gaba a tsakar gida, gindin darbejiya, inda duk wanda ya shigo sai ya durƙusa ya gaishe ta.

Da ta ga na ajiye rikoda a tabarma sai ta ce, "Angona, ba ka kawo cefane ba, ka zo satar murya? Kai dai miji ne na banza, wallahi."

Na ce, "Amarya, a yi haƙuri, a faɗa mana kakanni."

Ta gyara zama, ta rufe ido. Sulaimanu ɗan Hayatu, Hayatu ɗan Gambo Mai Jakai, Gambo ɗan Malam Isiyaku. Ta faɗi garuruwan da ayari ke yada zango, ta faɗi shekarar da ruwan Binuwai ya ci jakai goma sha ɗaya, ta yi wa Madugu kirarinsa. Baffa na tsaye a bakin ƙofa yana share ƙwalla. Washegari ya aiko mata da turmin atamfa mai tsada, yana gaya wa kowa cewa Gwaggo ce littafin gidanmu.

Da na tsaya a nan da an zauna lafiya. Amma ina, ni ɗan boko, sai na ga baki kaɗai bai isa ba, dole a samu rubutun nasara. Na yi kwana tara a ma'ajiyar tsofaffin takardun gwamnati ina shaƙar ƙura, har na faɗa kan ƙidayar gidaje ta 1932. Ga gidan Madugu nan ɗaki ɗaki. Na sa aka ɗaukar mini hotonta, na kamo hanya.

A falonsa na karanta wa Baffa, ina juya masa Faransanci zuwa Hausa. Sulaimanu, ɗan kasuwa. Karimatu, matarsa, ba ta da ɗa. Alheri, baiwa, daga duwatsun Mokolo. Dawuda, shekara tara, ɗan Sulaimanu da Alheri. Dela, shekara shida, 'yar Sulaimanu da Alheri.

Baffa ya ce, "Sake karanta na Dawuda."

Na sake.

Duk tsawon ransa Baffa na alfahari da cewa kakarsa Karimatu ce, Bafulatana 'yar alƙali. Da wannan yake shiga ko'ina yana ɗaga kafaɗa. Ya fizgi takardar, ko takalmi bai sa ba, ya nufi ɗakin Gwaggo, ni ina biye.

Gwaggo na tsinke zogale. Ta saurare shi, sannan ta yi dariya. "To wannan ai ba ɓoyayye ba ne, Muntaka. Inna Karimatu ba ta taɓa haihuwa ba. Ranar da aka yaye ubanka aka kai mata shi riƙo, ya tashi a ɗakinta, mutanen waje suka ɗauka nata ne. Ni aka bar ni wurin Innarmu a madafa. Amma ni da Dawuda ciki ɗaya, nono ɗaya."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba?"

"Wa ya taɓa tambayata? Kullum maza kuke tambaya, ɗan wane, ɗan wane. Ai kowane ɗan wane mace ce ta durƙusa ta haife shi."

Da muka koma falo na yi 'yar jarumtata, wadda ita ce ta farko kuma ta ƙarshe. Na ce, "Baffa, a addini ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke. Sarakuna nawa aka haifa haka? Mu rubuta gaskiya."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Kai yaro ne. Malamai sun san haka, kasuwa ba ta sani ba. Ka bari Tanimu ya ji, gobe maroƙansa za su cika gari da jikan arniyar dutse. Da wane ido zan fita? 'Ya'yana mata da ke gidajen manyan Fulani fa, ka yi tunaninsu?" Sannan ya ce, "Ka rubuta Dawuda ɗan Karimatu. Ai ita ta raine shi, ba ƙarya ba ce gaba ɗaya."

"Gwaggo fa? Duk tsofaffin unguwa Dela ta Alheri suke ce mata. In tana ƙanwar Dawuda, magana ta fito."

"To ba ƙanwarsa ba ce."

Haka ya faɗa, kamar mai cewa a rufe taga. Ya kunna ashana ya ƙone hoton takardar a cikin farantin shayi. Ni kuma na zauna gaban na'ura na buga asalin gidan Madugu, shafi huɗu, da sunayen da na ɗauko daga bakin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, ban da nata. Ina da hujjata, kowane azzalumi yana da tasa. Baffa ne ya riƙe ni tun mutuwar ubana, a gidansa nake zaune da matata da 'ya'yana biyu. Na ce wa kaina takarda ce kawai, tsohuwa ba ta iya karatu ba, ina za ta sani.

Da suna aka fara. Hajiya Fati, matar Baffa, ta tara matan gida da yara ta ce daga yau ba a ce Gwaggo, Iya Dela za a ce. Ba ta faɗi dalili ba. Kwana biyu bayan nan 'yata Ramatu, mai shekara biyar, ta rugo da gudu tana kiran Gwaggo ga alewa, a gaban wasu baƙi mata. Hajiya ta kai mata mari har alewar ta faɗi.

Gwaggo ta miƙe da sandarta. "Fati, lafiyarki? Me yarinyar ta yi?"

Hajiya ta juya wurin baƙin tana murmushi. "Kun san yara, duk tsohuwar da suka tashi suka gani a gida sai su mai da ita dangi."

Ina tsaye a ƙofar ɗakina, na koma ciki na saki labule.

Sai ɗaki. Aka ce za a yi fenti, manyan baƙi za su riƙa zuwa, ta ɗan koma baya na mako biyu. Bayan kuwa shi ne tsohon ɗakin ajiyar dusa, jikin garken awaki, rufin kwano ba silin, a watan Maris na Garwa da ko ƙadangare ke neman inuwa. Aka kwashe gadonta da kwallayenta aka jibge mata. Aka karɓi katinta na ɗan ƙasa, mai sunan Sulaimanu a gurbin uba, aka ce za a sabunta mata. Har yau ana sabuntawa.

Da farko ta ɗauki abin wasa. In na leƙa sai ta ce, "Angona, ka ga inda ka ajiye amarya? Ni da bunsuru muke hira yanzu, ya ma fi ka zuwa zance." Tana dariya tana fifita da murfin kwano, ƙuraje sun feso mata a wuya. Mako biyu ya zama biyar. Fenti ya bushe, aka shimfiɗa darduma a ɗakinta, aka jera kujeru.

Ranar sunan jikan Baffa ta lallaɓo da sandarta ta shigo taron mata, don tun ina yaro ita ke ɗaukar jariri ta jera masa kakanninsa a kunne. Ta miƙa hannu. Ba a ba ta ba. Sai ta fara daga inda take tsaye, da ƙarfi: "Jikan Muntaka, Muntaka ɗan yayana Dawuda..." Hajiya ta yi wuf ta sa aka ƙara sautin kaset, mata biyu suka kama ta hannu bibbiyu suka yi baya da ita. Ina ji Hajiya na cewa, "Allah sarki, tsufa. Ta ruɗe tun bara. Wani lokaci har cewa take Madugu ne ubanta." Matan suka yi ta jinjina kai suna tausayi. Daga ranar aka sa wa ƙofar baya sakata ta waje duk sanda aka yi baƙi, wai kada ta fita ta ɓace.

To sai ga abin da Baffa bai lissafa ba. Alhaji Tanimu ya ji ƙishin-ƙishin, ya kai magana fada. Fada ta aiko cewa dattawa uku za su zo ranar Alhamis su ji daga bakin wadda ta fi kowa shekaru a gidan. A ce ta ruɗe, zargi ya tabbata. A bar ta ta yi magana, rawani ya tafi.

Ranar Laraba bayan la'asar Baffa ya ce in raka shi. Wata biyu rabonsa da ganinta. Ya sunkuya ya shiga ɗakin dusar nan da babbar rigarsa, zafi ya buge shi har ya ja da baya, sannan ya zube a gabanta ya kama ƙafafunta. Wallahi kuka yake, hawaye na gaske. Abin da ya fi ba ni tsoro da mutumin nan ke nan, in yana zalunci da zuciya ɗaya yake yi.

"Gwaggo, ke kika goya ni da uwata ta rasu. Ke kika tauna kika ba ni. Yau rayuwata na hannunki. In Tanimu ya kayar da ni a kan wannan magana, na rantse ba zan ƙara fita kasuwa ba."

Ta ce, "Yau na koma Gwaggo?"

"Kullum ke ce. Magana ɗaya za ki faɗa, ta yini ɗaya. Ki ce Alheri da goyonki ta zo gidan nan. Ki ce Baba ɗan Karimatu ne."

Ta ce, "Muntaka, so kake in ce Madugu bai haife ni ba? In tsaya gaban mutane in mai da kaina marar uba, ina da ƙafa ɗaya a kabari?"

"Allah ai ya san gaskiya, Gwaggo. Shi ba a ɓoye masa. Mutane kawai za mu rufe wa baki. Ana naɗi ki koma ɗakinki, in sa miki fanka, in kai ki Makka."

Ta juyo gare ni. "Kai ma haka ka ce, Hayatu?"

Na ce, "Na yini ɗaya ne, Gwaggo."

Ta ɗora hannu a kan hularsa, ta shafa kamar yadda ake shafa kan yaro mai zazzaɓi. "Tashi, kar ka ɓata rigarka. Ka daina kuka, ba na so."

Ranar Alhamis aka yi mata wanka, aka ɗaura mata atamfar nan da Baffa ya aiko mata, aka zaunar da ita a tsohon ɗakinta a ƙasa, dattawan na kan kujeru. Babbansu, wani farin tsoho mai sanyin murya, ya gaishe ta da Fulatanci, sannan ya juya Hausa.

"Iya, ke mece ce a gidan nan?"

Ta dubi bangon da aka yi wa fenti, ta dubi inda gadonta yake a da. "Uwata baiwar gidan ce. Da ni a bayanta aka kawo ta."

"Mahaifinki fa?"

"Ban san shi ba."

"Marigayi Dawuda, me ke tsakaninku?"

Awaki na kuka a baya. Leɓenta na motsi, ba sauti. Baffa ya yi gyaran murya.

Ta ce, "Ɗan uwar ɗakina ne. Ɗan Inna Karimatu."

Ina jin tsohon bai gamsu ba, don ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai ka yi bincike, an ce har Yawunde ka je. Abin da ka gani ke nan?"

Na ce, "Shi ke nan, ranka ya daɗe."

Aka shafa fatiha. Kafin dattawan su kai zaure an riga an kama hannunta an mai da ita baya.

An naɗa Baffa a watan Mayu. Aka yanka shanu biyu, maroƙa suka yi ta jera kakanninsa da kalmomin da Gwaggo ta ba ni, har kirarin Madugu, suna ƙarawa da jikan Karimatu 'yar alƙali. Gwaggo tana bayan sakata tana ji. Sai bayan magariba wani ya tuna ba a kai mata abinci ba.

Bayan mako guda na tuna wa Baffa alkawarin ɗaki. Ya ce, "Haba Hayatu, kai ma ka yi tunani. Da bakinta ta faɗa gaban dattawan fada. Yanzu a ga baiwa a ɗakin gaba, me za a ce? Tanimu bai yi barci ba fa. A bari ƙura ta lafa." Da na sake tayar da maganar sai ya ce, "Wai me ta rasa? Tana ci, tana sha. Gidaje nawa ne za su riƙe tsohuwa haka?" Na lura ya daina cewa Gwaggo ko muna mu biyu. Ƙaryar da ya roƙa da hawaye, shi ne ya fara gaskata ta.

Sauran gida suka bi. Gidan sarauta sai da 'yan aiki, aka ɗauko sababbi biyu waɗanda ba su san komai ba sai abin da aka gaya musu. Da kunnena na ji ɗayarsu, yarinyar da Gwaggo ta yi jika da ita, tana cewa, "Ke Dela, tunda zaune kike, tsince mana shinkafar nan." Ta karɓi tiren ta tsince. Tuwonta ya koma ƙanzo da abin da yara suka rage. In Baffa zai wuce ta bayan gida duba awaki, sai ta sauke kai ta ce, "Ran Sarki ya daɗe," shi kuma ya ɗaga mata hannu.

Na kasa jure ganinta, saboda haka na rage zuwa. Wannan shi ne irin tausayina. Da damina ta sauka na leƙa wata rana da kunun gyaɗa, na tarar ta ja tabarma kusurwa ɗaya don kwano na yoyo. Ta rame, idanun sun faɗa. Na durƙusa na ce a hankali, "Gwaggo."

Ta ce, "Kar su ji ka, Malam."

Malam. Ba angona, ba mijin banza. Na ce ta yi mini kirarin Madugu, ko don ta ɗan warware. Ta girgiza kai. "Ba na gidanmu ba ne." Na rasa ko gatse take yi ko ta fara yarda ne, kuma ban yi ƙarfin halin tambaya ba. Kunun ma kurɓa biyu ta yi ta ajiye.

Da zan fita ta riƙo bakin rigata. "Takardar nan ta nasara, ta farko. Ina ciki?"

"Kina ciki."

"Da sunan Babana?"

"Da sunansa. Dela 'yar Sulaimanu."

"Tana ina?"

"Tana Yawunde."

Ta saki rigar. "Yawunde da nisa," in ji ta, ta juya fuskarta bango.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan mai ba awaki dusa ta same ta da safe, ta riga ta yi sanyi, gefen zanenta jiƙe da ruwan yoyo. Ba wanda ya san lokacin da ta cika.

A unguwarmu in babba ya rasu a gida, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofa kwana uku, a aika wa dangi har Marwa da Ngaundere. Baffa ya ce ba sai an yi ba. Wai zaman makoki na jini ne, in aka zauna mutane za su yi tambaya. Ya sayi likkafani mai kyau, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Mu goma sha huɗu muka kai ta. Akwai fili kusa da kabarin Dawuda, na nuna da hannu, Baffa ya yi kamar bai gani ba. Aka haƙa mata can bakin katanga.

Ba yunwa ce ta kashe Gwaggo Dela ba, ba kuma zafin kwano ba, ko da yake sun taimaka. Matar nan ba ta da ɗa, ba ta da miji, ba ta da ko akuya. Abu ɗaya ta mallaka a duniya, ita 'yar Madugu ce, ƙanwar Dawuda. Shi muka roƙa aro na yini ɗaya, ta ba mu don ba ta son ganin hawayen yaron da ta goya, muka hana ta. Kuma duk don kada a ce mun fito daga cikin wata baiwar Allah da aka raba da duwatsunsu, ta yi wa gidan nan bauta, ta haifa mana uba. Mun ji kunyar wadda aka zalunta, ba mu ji kunyar zaluncin ba. Tir da mu.

Da muka dawo daga maƙabarta mutane suka tsaya a ƙofar gida suna sallama da Sarki. Ba wanda ya ce masa ya haƙuri, don ba a yi masa mutuwa ba. Yabo ake yi. Wani dattijon maƙwabci ya kama hannun Baffa da hannu biyu ya ce, "Ran Sarki ya daɗe, an ga ƙoƙari. Baiwar kakanni, ba dangin iya ba na baba, ku riƙe ta shekara da shekaru kamar 'yar gida, har ku sa ta a rami da hannunku. Wallahi sai gidan asali." Baffa ya sunkuyar da kai ya ce ai yi wa kai ne.

Sannan dattijon ya juyo ya kama nawa hannun. "Kai ma Malam Hayatu, an ce kana kai mata kunu. Allah ya ba da ladan zumunci da bare."

Jama'a na kallona, Baffa na kallona. Na ce amin.